Zanen da Aka Datse a 1715 da Adakar Kakanmu

Ranar Asabar 'yata ta matsa sai na kai ta Rijksmuseum, babban gidan adana kayan tarihi na Amsterdam, saboda aikin da malamarsu ta ba su. Shekarata shida a Holan ban taɓa leƙawa ba. Na fita ina mita, don a ƙasar nan kusan ko'ina za ka sai ka fara kama lokaci ta waya, kuma ba mai sauraron uzuri.

'Yan'uwa, da muka isa ƙarshen wani dogon zaure sai bakina ya mutu. Wani ƙaton zane ne mai suna The Night Watch, na Rembrandt, shahararren mai zane ɗan Holan, na shekarar 1642, an kewaye shi da ɗakin gilashi. Tun 2019 masana ke bincikensa da gyaransa a cikin ɗakin nan, a gaban idon duk wanda ya zo kallo. A 1715 aka mayar da zanen gidan hukumar birni, bangon ya yi masa kaɗan, sai kawai aka datse gefunansa huɗu, har da wasu mutane da ke ɓangaren hagu. Guntayen sun ɓace. Ashe kafin a datse shi wani mai zane, Gerrit Lundens, ya yi ƙaramin kwafinsa. A 2021 aka koya wa kwamfuta hannun Rembrandt, yadda yake jan buroshi da haɗa launi, aka ba ta kwafin nan, ta dawo da abin da wuƙa ta cire fiye da shekara 300 da suka wuce.

Yarinyar ta karɓi wayata ta buɗe hoton zanen da suka sa a intanet kyauta, wanda aka harhaɗa daga hotuna 8,439. Ta yi ta buɗa shi da yatsu biyu har muka ga tsagar fenti a gefen idon wani mutum, siririya kamar gashi.

Nan take adakar kakanmu ta faɗo mini a rai. Littattafai ne na hannu, Larabci da ajami, wasu a gafaka, wasu a ɗaure da tsumma. Muna cewa muna girmama su, amma girmamawar ita ce a kulle a tura ƙarƙashin gado, a hana yara taɓawa, a bar wa gara. Kowannenmu da waya mai kyamara a aljihu, muna ɗaukar kanmu safe da yamma, ba wanda ya taɓa ɗaukar shafi ɗaya, har da ni.

Da dare na kira Yaya na roƙe shi ya buɗe adakar. Ya ce danshin damina ya riga ya cinye na ƙasa. Washegari ya turo hotuna goma sha ɗaya, wasu a karkace, da inuwar babban yatsansa a gefe. A na bakwai na gane jar tawadar da Malam ke yin wasali da ita.