Injin huda mai batir: wanne ya kamata ka saya a Jidda?

Cikin 'yan watannin nan kusan duk mai ɗan taɓa aikin hannu a cikinmu mazauna Jidda ya yi sabon sayayya. Wani ya kawo zarto mai lantarki, wani injin yankan ƙarfe, amma abin da aka fi tambaya a kai shi ne injin huda mai batir, wanda ke huda katako, ya ɗaura sukuru, ya kuma ɗan taɓa bango. Yawancinmu ba kafintoci ba ne. Direbobi ne da masu jiran shago da ma'aikata, sai Juma'a da Asabar mutum ya samu sararin haɗa kanta ko gyara ƙofar kabad. Don haka shawarata ta irin waɗannan mutane ce.

Ɗan'uwa, kafin ka kalli injin, kalli batirinsa. Kowane kamfani yana da nasa bakin batir, na Makita ba ya shiga Bosch, na Bosch ba ya shiga DeWalt. Ranar da ka sayi injin farko da batir biyu da caja, ka riga ka ɗaure kanka da wannan gida, domin zarto da injin goge katako da fitilar da za ka saya gaba duk a kan batiran nan za su hau. Sau da yawa kuɗin batir biyu da caja ya fi na gangar injin kanta.

Ni Makita nake so, ba na ɓoyewa. Kamfanin Japan ne da aka kafa a Nagoya a 1915, kuma jerin kayansa masu 18V da ake kira LXT sun fito tun 2005. Abin da ya ja ni shi ne har yanzu ba su canza bakin batirin wannan jeri ba, ga kayan aiki ɗaruruwa da ke hawa kansa. Wanda ya sayi DHP482 ya samu abin da zai ishe shi aikin gida. Mai ɗan ƙarin kuɗi ya ɗauki DHP484, wanda ba ya amfani da gawayin burushi, saboda haka bai cika ɗaukar zafi ba, batir yana daɗewa a kansa, kuma babu ranar da za ka je neman gawayin canji. Yana zama a hannu daidai, ba ya rinjayar wuyan hannu idan kana ɗaura sukuru a saman kai. Batirinsa na 5.0Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) yana cika cikin kamar minti 45 a kan caja mai sauri, wadda ke da fanka a ciki tana sanyaya batirin yayin caji. A garin da zafi ke yi mana yadda yake yi daga Yuni zuwa Satumba, wannan fanka ba ado ba ce. Ga kuma masu gyara: da wuya ka shiga layin masu kayan aiki a Jidda ko Makka ka rasa wanda ya san cikin Makita, haka ma idan ka koma da shi Kano.

Bosch shuɗi yana da kyau, ban da abin cewa, sai dai kada a sayar maka da koren a kuɗin shuɗin, domin kore na ƙaramin aikin gida ne. DeWalt ƙarfi gare shi, tsada ma haka. Ingco da Total kuwa na wanda zai huda rami goma a shekara ne, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani abu da duk waɗannan ba za su yi maka ba: ginshiƙin kankare. Gidajen nan bulo ne da zubin kankare, injin batir zai shiga bulo, amma idan ya ci karo da ginshiƙi sai dai ka ƙona tsinke. Wannan aikin injin huda mai guduma ne, irin wanda ake kira SDS-plus, kamar Bosch GBH 2-26 mai waya. A nan kam Bosch na yarda da shi. Aro ma ya isa, in maƙwabci yana da shi.

Yanzu ga inda mutane ke asarar riyalansu. Jabun batir ya cika kasuwa, musamman a intanet da wajen masu baza kaya a ƙasa. Akwai wanda ya taɓa sayar mini da batir biyu a kwali mai kyau, launi da rubutu duk daidai. Ɗaya ya mutu kafin wata ya ƙare, ɗayan ya yi zafi a kan caja har robarsa ta fara narkewa, a ɗakin da yara ke kwana kusa. Tun daga nan nauyi nake fara dubawa. Batirin 5.0Ah na gaske ƙwayoyi goma ne a ciki, yana kai wajen gram 600, jabu kuwa za ka ji shi sakayau a hannu. Sai lambar da aka rubuta. Ƙwayar batir irin 18650 mafi kyau ba ta wuce wajen 3,500mAh ba, wato 3.5Ah, ƙwayoyi goman nan kuma ninkin hakan kawai suke iya bayarwa, to idan ka ga batir mai girman na 5.0Ah an rubuta masa 9.0Ah ko 12Ah, ƙarya ce tsagwaronta. Haka injinan da ake bugawa 88V ko 128V a jiki, alhali ƙwayoyi biyar ne a jere, wato 18V ɗin dai. Ko 20V Max da DeWalt ke rubutawa a kasuwar Amurka 18V ne, an auna shi ne lokacin da batir ya cika taf, don haka kada wani ya ƙara maka kuɗi a kan wannan bambancin 2V.

Kada kuma rubutun ƙasar da aka ƙera ya ruɗe ka. Makita na gaske da yawa a masana'antarsu ta Sin ake yin su, mai jabu kuwa shi ya fi kowa son buga sunan Japan da manyan baƙaƙe. Duba lambar samfurin a jikin injin da ta kan kwali, su zama ɗaya. Duba cajar ma: wadda aka shigo da ita daga Amurka ta 120V ce, wutar nan kuwa 220 zuwa 230, kana sa ta a soket ta tafi. Haraj, wato kasuwar gwanjo, ko na Sawarikh a nan ko na Bin Ƙasim a Riyad, wuri ne mai kyau na sayen guduma da matsi da teburin aiki, har gangar injin in an bar ka ka gwada. Batir dai ka saya sabo, a shagon kayan aiki na SACO ko wajen wakilin kamfani, ka karɓi fatura, wato rasit, mai nuna harajin kashi 15 da takardar garanti. Da faturar ce za ka iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lambar 1900 idan aka cuce ka. Mai cewa zai rage maka in ka haƙura da fatura, ka bar masa kayansa.

Masu niyyar kai injin gida kuma su lura: batirin da aka cire daga injin ba ya shiga jakar da ake aunawa, a jakar hannu ake riƙe shi, kuma iyakar da ba ta buƙatar izinin kamfanin jirgi 100Wh ce (Wh shi ne V sau Ah). Na 5.0Ah yana da 90Wh, bai kai iyakar ba. Na 6.0Ah ya kai 108Wh, sai ka nemi izini tun kafin ranar tafiya.