Hattara da mai haɗa tankin kifin ado a yini ɗaya a Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas, musamman na Agege, Mile 12 da Idi-Araba. Akwai wani mutum da ke shiga gidajen mutanenmu yana haɗa akwatin gilashi na kifin ado. Ya ci kuɗina, ya ci na maƙwabcina, kuma na ji ya sa ƙafa a wasu gidajen a unguwarmu. Ba zan kama sunansa ba, amma zan faɗi yadda yake aikinsa dalla-dalla, domin duk wanda ya zo muku da wannan salon ku gane shi tun daga ƙofa.

A WhatsApp na fara ganin tallarsa. 'Yata ta daɗe tana roƙona in saya mata kifi, tun ranar da ta gan su a wani asibiti da muka je. Mutumin Bahaushe ne ɗan uwanmu, bakinsa kamar zuma: "Alhaji, ka bar min komai, yau-yau za ka ga kifi na yawo a falonka." Abin da ya sa na saki jiki ke nan.

Ranar Asabar da hantsi ya iso a Keke Marwa da tanki mai cin lita 60, da tsakuwa, da furannin roba, da matatar ruwa. Ya cika shi da ruwan burtsatse, ya tsiyaya wani ruwa shuɗi daga gorar da ba ta da tambari, ya ce maganin waje ne, yana gyara ruwa nan take. Kafin kiran azahar ya juye kifi 18 a ciki: golfish, gufi, taiga-bab, da 'yan ƙananan oska guda biyu.

Kwana uku ruwan ya yi fari kamar ruwan wankin shinkafa. Kifayen suka taru a sama suna buɗe baki kamar masu haki. Rana ta biyar 'yata ta same ni bayan sallar asuba, idonta fal hawaye, ta ce, "Baba, jan nan ya kwanta a ƙasa, ba ya motsi." Cikin kwana goma muka kwashe gawar guda 11. Da na kira shi, sai ya ce ruwan burtsatsenmu ne ba shi da kyau, ko kuwa baki ne ya kama su, tunda baƙi na kallo ba sa cewa tubarkalla. Ya kawo sababbi, na biya. Ya kuma ce mafita ita ce ya riƙa zuwa wanki duk bayan mako biyu, shi ma da kuɗinsa. In ya zo, sai ya kwashe kifin a bokiti, ya zubar da ruwan kaf, ya wanke tsakuwa da soson matatar ruwan tas, har ya shanya soson a rana. Ni kuwa ina tsaye ina yaba tsaftarsa. Sau uku aka yi haka, kuma bayan kowane wanki sai an mutu.

Wani malami da muke sallah tare, mai kiwon tarwaɗa a Ikorodu, shi ya buɗe min ido. Ya leƙa tankin, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, wannan wankin ne ke kashe maka kifi." Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya a ruwa, guba ce mai ƙona wurin da kifi ke shaƙar iska a gefen kansa, kuma zafi na ƙara mata ƙarfi, ga shi a Legas ruwan ɗaki ba ya sanyi. Abin da ke cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, suna mai da ita nitirait, wadda ita ma guba ce, sannan wasu su mai da nitirait ɗin nitirat, mai sauƙin illa, da ake ragewa da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyin a jikin soson matatar ruwa da tsakuwa suke zama, kuma sabon tanki yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su taru su isa aiki. Wannan ne ake nufi da a bar tanki ya nuna. Duk ranar da mutumin ya shanya soson nan, sai ya kashe su, mu koma farko, kifi su mutu, shi ya sayar da sababbi. Ko ruwan shuɗin, malam ya ce ya yi kama da metilin bulu, maganin da ake sa wa kifi mai ciwo a wani mazubi daban, wanda in an zuba shi a tanki yake kashe ƙwayoyin matatar. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na tabbata mutumin ya san duk wannan, don maƙwabcina ma haka ya yi masa, tiryan-tiryan, har da maganar baki.

Haɗin kifin ma mugunta ne. Oska yakan kai tsawon santimita 30, kuma duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, gufi kuwa loma ɗaya ne a wurinsa. Taiga-bab yana cizge jelar masu doguwar jela. Golfish kifin ruwan sanyi ne, ga yawan kashi, lita 60 ba ta isarsa. Wanda ya tara waɗannan a wuri ɗaya ya san ba za su kai wata ba.

Yanzu na sake daga farko. Na bar tankin babu kifi, matatar ruwan na aiki, ina jefa ɗan abincin kifi kullum ya ruɓe. Na sayi kayan gwajin ruwa, irin na ɗigo mai canza launi, ban sa kifi ba sai da amoniya da nitirait suka nuna 0, nitirat kuma ya bayyana. Malam ya ba ni ɗan tsohon soso daga wani lafiyayyen tanki, hakan ya rage min kwanakin jira. Na fara da gufi biyar kawai, bayan mako biyu na ƙara uku daga wani irin kifi da ake kira filati. Moli da tetira ma masu zaman lafiya ne, sai dai tetira ana ajiye su shida ko fiye, don ba sa son kaɗaici. Duk mako nakan canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, soso kuma a cikin ruwan da na ɗebo daga tankin nake matse shi a hankali. Mai amfani da ruwan famfo sai ya fara sa maganin cire kulorin, sinadarin da ake tsaftace ruwan famfo da shi. Ga kuma matsalar NEPA: in matatar ruwan ta tsaya awanni da yawa ƙwayoyin kan shaƙe, shi ya sa na sayi ƙaramin famfon iska mai batir.

In ya zo gidanku, ku tambaye shi kwana nawa tanki ke yi kafin a sa kifi, ku ce ya gwada ruwan a gabanku, kuma ya nuna muku kwalin maganinsa. Kada ku tura kuɗin kafin alƙalami, kada ku shiga yarjejeniyar wanki. Ni tun da na yi masa waɗannan tambayoyin ya daina ɗaukar wayata, kuma na ji ya canza lamba. In ya riga ya haɗa muku tanki, ku rage abinci, ku riƙa canza rabin ruwa kullum na 'yan kwanaki, ku raba oska da ƙananan tun yau.