Sharhina kan Alveogyl da ruwan kuskure baki bayan gurbin haƙorina ya bushe

An cire min turmin ƙarshe na ƙasa ɓangaren dama, wanda ya fito a karkace ya daɗe yana damuna, kuma gaskiya cirewar kanta ba ta ba ni wahala ba, allurar kashe zafi ta yi aikinta, likita ya sa min auduga ya ce in cije ta kamar minti 30 zuwa 45. Kwana na ɗaya da na biyu lafiya lau, ɗan kumburi ne kawai. A rana ta uku da daddare ne abin ya tashi. Wallahi jama'a ciwon haƙorin da ya kai ni asibitin ma wasa ne a kan wannan, zugi ne mai bugawa daga muƙamuƙi ya haura kunne har gefen ido, na sha farasitamol kamar na sha ruwa, ga wani ɗoyi da ɗanɗano mara daɗi a baki. Da na haska da fitilar waya a madubi sai na ga rami fayau, babu baƙin gudan jinin nan da na gani jiya, sai wani abu fari-fari a ƙasa. Ashe ƙashi ne nake kallo.

Da na koma likitan bai ma daɗe yana dubawa ba ya ce dirai soket ne, wato busasshen gurbi. Gudan jinin da ke taruwa a ramin shi ne murfin da ke rufe ƙashi da jijiyoyi kafin nama ya tofo, idan ya fita ko ya narke da wuri to iska da ruwa da abinci duk kai tsaye suke taɓa ƙashin. A cirewar haƙori ta yau da kullum bai fi mutum 2 zuwa 5 cikin 100 ke samun sa ba, amma irin nawa na ƙasa da ya maƙale ya fi yawa sosai. Ya tambaye ni ina shan sigari ko shisha na ce a'a, ina shan ƙwayar tsarin iyali na ce a'a, don su ma suna ƙara haɗarin, sai ya ce to kin kuskure baki ranar farko? Nan na yi tsit. Ni dai ƙyanƙyami ne ya ci ni, ɗanɗanon jini ba na son shi, tun daren farko nake ɗura ruwa ina kuskurewa da ƙarfi ina tofarwa, a tunanina tsafta nake. An faɗa min fa kar in yi sai bayan awa 24, lokacin bakina a sandare yake hankalina na gida, ban riƙe ba.

To maganin. Da farko ya wanke ramin da ruwan gishiri a sirinji, wannan wajen na ji a jikina ba ƙarya, sannan ya ɗauko wani abu ruwan ƙasa mai zare-zare kamar jiƙaƙƙiyar taba ya cusa a hankali. Shi ne Alveogyl ɗin, kamfanin Septodont na Faransa ke yin sa, kuma sinadarin da ke cikinsa mai kashe zafi daga kanumfari yake, shi ya sa da an buɗe kwalbar ɗakin ya ɗauki ƙamshi. Kafin in bar harabar asibitin zugin ya fara lafawa, ranar na yi barcin da rabona da shi kwana biyu. Ta wannan fannin ba ni da abin cewa sai yabo. Abin da ya ɗan dame ni shi ne komai na sa a baki kanumfari nake ji, har ruwa, sannan zaren na fita kaɗan-kaɗan da kansa, farko na tsorata na ɗauka wani abu ne ya lalace ashe haka yake. Bayan kwana biyu zafin ya ɗan dawo sai da na koma aka sake min. Kuma kar a ɗauka yana warkar da ramin ne, rufe shi yake ya kwantar da ciwon, jiki ne ke cike gurbin, ni sai da na kai wajen kwana goma kafin in manta da shi. Ba abin da mutum zai saya ya cusa wa kansa ba ne dan Allah, ita ma audugar da ake tsomawa a man kanumfari tsantsa tana iya ƙona dasashi.

Na so ya rubuta min antibayotik ya ce babu buƙata tunda ba zazzaɓi ba ruwan ciwo, sai ya haɗa min ibufurofen da farasitamol, haɗin ya fi kowanne shi kaɗai aiki a wajena.

Ruwan kuskure bakin kuma kulohekzidin ne mai kashi 0.2, sau biyu a rana, ba kuskurewa da ƙarfi ba, ka guntsa ka karkata kai ka bar shi ya zuba da kansa. Ɗoyin ya tafi cikin kwana biyu. Sai dai yana da ɗaci, ya dusashe min ɗanɗano, kuma harshena ya ɗan yi ruwan ƙasa, da na daina ya goge. A bar tazarar kamar rabin awa tsakaninsa da man goge baki don man na rage masa ƙarfi.

Akwai ɗayan turmin na hagu da ke jiran layi. Na riga na gaya wa likitan wannan karon ya rubuta min ƙa'idojin a takarda, ba zuƙa da bututu, ba tofi, ba abu mai zafi, ba tura harshe a ramin, kuma ƙanwata zan tafi da ita ta saurara a madadina.