Shagon maganin kaji da ya ƙi sayar mani da kafso

Maƙwabta sun dame ni da tambaya wai wa ya yi wa ɗan tsakona ɗori, to ga bayani gaba ɗaya in huta. Wani ɗan shagon maganin dabbobi ne a nan Kumasi, a hanyar Asawase in an taso daga Aboabo, ƙarami ne sosai, buhunan abincin kaji sun cinye rabin ɗakin, mutum uku in sun shiga sai na huɗu ya tsaya a rana. Sau biyu na je, kuma kowanne da labarinsa.

Na farko 'yan tsaki 25 na saya 'yan kwana ɗaya, na sa su a kwali na shimfiɗa masu jarida don ina ganin ta fi tsafta. Kwana uku sai na ga biyu sun baje, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, suna ta jan ciki ba su iya kai wa ga ruwa. Ni dai abin da na taso na gani shi ne in kaza ta yi laushi a fasa kafso ja da yalo a zuba mata a ruwa, shi na je saye. Yaron shagon, matashi ne ba zai wuce sa'an ɗana na biyu ba, ya ce "Mma, me ya sami kajin?" Na faɗa masa. Ya ce sam ba zai ba ni ba sai ya ga tsakon da idonsa. Gaskiya raina ya ɓaci, da kuɗina fa, amma na hau pragya, keken nan mai ƙafa uku, na koma gida na ɗauko su a kwando.

Yana ɗaga na farko ya ce a kan me suke kwana. Da na ce jarida sai ya yi dariya ya ce ai ita ce ciwon, santsi gare ta, ƙafar tsako ba ta samun abin kamawa sai ta yi ta zamewa har ta saba a buɗe. Ya yanko filasta siririya ya naɗa a ƙafa ɗaya can ƙasa kusa da yatsu, ya bar ɗan tsakani kamar faɗin yadda tsako ke tsayuwa, ya naɗa a ɗayar, kamar dabaibayin jaki dai. Ya ajiye shi a kan buhu, wallahi nan take ya miƙe yana tangaɗi. Ya ce in cire jarida in zuba ɓawon katako, irin wanda ake samu wajen kafintocin Sokoban ko ma na unguwa, in riƙa dubawa kullum, kuma in rage zurfin ruwan sha kar ya faɗa ciki ya kasa fita. Abin da ya sayar mani kawai bitamin ne ƙaramin ƙunshi, ya ce akwai B2 a ciki, rashinsa ne ke sa yatsun tsako su nannaɗe ciki. Kafso kuwa ya ce ba ya gyara ƙafa, ƙwayoyin cuta kawai zan koya wa saba da magani. Kwana huɗu na kwance filasta ɗaya ya warke ras. Ɗayan bai tashi ba, ya riga ya galabaita, kuma tun a shagon ya faɗa mani kar in sa rai, wannan gaskiyar ma ta burge ni.

Zuwa na biyu kuwa jikana ne ya kayar da benci a tsakar gida ya danne wani ɗan wata ɗaya, ƙafar tana reto ga jini kaɗan. Nan ne zan faɗi laifinsu. Na isa ƙarfe takwas shago a rufe, lambar da suka rubuta a ƙofa na kira ta fi sau biyar ba a ɗauka ba, sai wajen tara da rabi ya iso ko haƙurin kirki bai ba ni ba. Ga ba wurin zama, ga tsako na ta kuka a zanina.

Amma aiki kam ya iya. Kafin ya taɓa ƙashin sai da ya tabbatar buguwa ce, don ya ce akwai cutar Marek da ke shanye ƙafa, za ka ga kaza ta miƙa ɗaya gaba ɗaya baya, ita ba ta da magani sai rigakafi tun ranar ƙyanƙyasa. Ya tambaye ni ko an yi wa nawa, na yi tsuru-tsuru don ban taɓa tambayar mai sayarwa ba. Ya ce na yi sa'a karayar a ƙasan gwiwa take, ta cinya ce mai wuya. Ya shafa shuɗin maganin nan GV a ciwon, wai yana ɓoye jan jinin kar 'yan uwansa su yi ta tsattsaga. Ya sa auduga, ya tsaga tsinken alawa biyu ya sa gefe da gefe, ya naɗe da filasta ba tare da ya matse ba. Ya ce in ware shi a kwali shi kaɗai, in na ga yatsu sun kumbura ko sun yi sanyi to ɗaurin ya yi tsauri in sassauta, a bar shi sati biyu zuwa uku.

Kuɗin ɗori bai karɓa ba sai na GV da filasta, ta waya na tura masa, ta MoMo. Abincin kajinsu dai ya ɗan fi na kasuwar Kejetia tsada, wannan can nake saye. Tsakon yanzu yana ɗan ɗingishi amma shi ke fara isa kan kwanon dusa. Asabar zan koma karɓo Lasota, maganin rigakafin cutar kaji ta Newcastle, ya ce in zo da fulas da ƙanƙara, sai dai wannan karon ba zan fita gida ba sai ƙarfe goma.