Faifan ne ke mutuwa, ko Windows ce ta ɓace hanya?

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutarka ta ƙi tashi, sai baƙin allo da rubutun "No bootable device", mai gyara kuma ya ce sai an canza had-disk, wato faifan ajiya, kana son sanin ko haka ne. Zai iya yiwuwa, amma rubutun nan shi kaɗai bai isa hujja ba. Abin da yake nufi kawai shi ne BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ta duba ba ta ga inda za ta ɗauko Windows ba. Cuta biyu ke kawo wannan alama, kuma maganin ta farko yana iya ƙarasa mai ta biyu.

Ta farko da sauƙi: faifan ajiyar lafiyarsa lau, hanyar zuwa wurinsa ce ta rikice. Ko an manta filashi a jiki, ko kebul ɗin SATA da ke haɗa faifan da kwamfutar ya saki, ko ɗan batirin nan CR2032 mai riƙe agogon kwamfutar ya yi sanyi har BIOS ta manta tsarinta. In agogon kwamfutar na komawa wata tsohuwar shekara, batirin ne. Wani lokaci kuma kashe ta aka yi tana tsakiyar sabunta Windows. Irin wannan kwatsam take zuwa, jiya lafiya, yau ta ƙi.

Ta biyu kuwa faifan ne ke mutuwa, kuma sau da yawa yakan nuna alama kafin ya tafi. Tuna baya: ta daɗe tana nauyi? Tana daskarewa in ka buɗe wata folda? Fayil ya taɓa ƙin kwafuwa? Sannan ka kasa kunne. A cikin faifan akwai faranti mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, da ɗan hannu mai karanta shi. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, hannun ne ke lalube bai samu ba. SSD dai, wato sabon nau'in ma'ajiya, ba ta da abin juyawa, shiru take mutuwa, wani sa'in ma farat ɗaya.

Don ka raba gardama, shiga BIOS, galibi da F2 ko Del, ka duba ko sunan faifan ya fito. In bai fito ba bayan an gyara zaman kebul, zargi ya koma kansa. In ya fito, a jona shi a wata kwamfuta a karanta SMART ɗinsa, wato rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa, da manhajar CrystalDiskInfo. Ni lamba 5 da 197 nake fara dubawa: ta farko na ƙirga gurabun da suka lalace aka sauya, ta biyu waɗanda ke ƙin karantuwa. In suna hauhawa, magana ta ƙare.

Ga mai cuta ta farko, in ba filashi, kebul ko batiri ba ne, Startup Repair, wato gyaran tashi na Windows, ko umarnin bootrec /rebuildbcd kan wadatar. Mai ta biyu kuwa, kada a yi masa fomatin, kada a sake ɗora Windows, kada a sa masa umarnin binciken faifai chkdsk /r, domin sa'o'in da zai yi yana karatu na iya zama ƙarshen ƙarfinsa. A fara kwashe fayiloli, mafi muhimmanci a gaba, ko a kwafe shi ɗungurungum da manhajar ddrescue. In har yana ƙas-ƙas, kashe shi ka daina gwadawa.

Kafin ka biya kuɗin sabo, ce wa mai gyaran ya nuna maka sakamakon SMART ɗin a gabanka.