Kwana 4 a sashen yara: abin da mai jinya ta gani

Autata 'yar shekara 5 tana da sikila, don haka asibiti ba baƙonmu ba ne. Da ta hango farar riga take ƙanƙame mini mayafi. A watan Agusta zazzaɓin cizon sauro ya tayar mata da ciwon ƙashi, aka ba mu gado a sashen yara na wani asibitin kuɗi a Kano.

Tun daga ƙofa aka zana raƙumi da zakara da adaidaita sahu a bango, daidai tsayin yaro. Ta tsaya kallo, ni kuwa ban ɗauke shi da muhimmanci ba, domin fenti kowa na iya shafawa.

Abin da ya shiga raina wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda. Can ake sa kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, can ake ɗibar jini. Da na ce a yi mata a kan gadonta don kada a wahalar da ita, nas ta ce, "A'a Hajiya, gadonta na barci ne, mu bar mata shi." Wallahi da gaskiyarta. A wasu wuraren da muka kwanta, duk wanda ya doso gadon sai ta fasa ihu. A nan likita na duba ta tana wasa da abin awon ƙirjinsa.

Tagar ma an sauko da ita, daga kwance tana ganin darbejiya. Kullum da hantsi sai ta ce, "Umma, tattabarun sun dawo." A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya nuna a wani asibitin Amurka cewa waɗanda aka yi wa tiyata suna kallon bishiyoyi sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, kuma ba su nemi maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba.

Sai dai an manta da uwa, kuma wannan ya ɓata mini rai. Kujerar roba aka ba ni, babu inda zan shimfiɗa dadduma sai tsakanin gado da ƙarfen ƙarin ruwa. Famfon banɗaki ya fi ƙarfin hannun yaro, tayil ɗin ga santsi. Na'urar sanyaya ɗaki ɗaya ce ga gado 6, alhali sanyi na tayar wa mai sikila ciwo. Da zanena na riƙa lulluɓe ta.

Idan ciwon ya sake tashi, Allah ya kiyaye, can zan mayar da ita, amma da bargo da katifata.