Kwamfutar hannu ko littafin tambayoyin baya?

Malam, tunda an ce maka yaron "ɗan kallo ne", sai da bidiyo yake ganewa, shi ya sa kake ta wasi-wasi tsakanin kwamfutar hannu da littafin tambayoyin baya na JAMB, jarabawar shiga jami'a, to littafin za ka saya, ka haɗa masa da fitilar sola.

Ni ma da wannan zancen aka ci kuɗina. Tunkiya na sayar na sayo wa babbar 'yata kwamfutar, mai shago yana ta rantsuwa an loda mata darussa. Kullum kwamfutar tana wajen masu caji a bakin kasuwa, yarinya ta yi ta kallo tana gyaɗa kai, in ka tambaye ta washegari sai shiru. Amfaninta guda na gani: tun 2015 da kwamfuta ake zana JAMB, hannu yakan saba. Wannan kuwa 'yan kwanaki a cibiyar koyon kwamfuta a Ringim ko Dutse sun wadatar.

Ƙanwarta littafi na saya mata. Bayan isha'i su shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ƙaninta ya riƙe littafin yana jefo tambaya, ita kuma ta amsa ba dubawa. Tambayar da ta kasa amsawa ta zagaye ta da biro, bayan kwana uku a sake komowa kanta. Ina zaune ina jinsu, sai na tuna makarantar allo: malam ba ya barinka ka wanke allo sai ka biya da ka, ga tilawar baya kullum. Ashe abin da muka taso da shi ne. Wallahi daren da ta amsa shafi guda na kimiyyar sinadarai ba tuntuɓe, sai da idona ya kawo ruwa.

Shi zancen rabon yara zuwa ɗan kallo, ɗan saurare da ɗan taɓawa, a 2008 wasu masana a Amurka, cikinsu har da Harold Pashler, sun bi diddiginsa, ba su sami gamsasshiyar hujjar cewa koyar da yaro ta "salonsa" na ƙara masa maki ba.

Sai dai ka kula da masu sayarwa. Akwai littattafan jabu masu amsoshi a karkace, ka kai wa malaminsa ya gwada 'yan shafuka kafin ka biya. Wanda kuma ya ce maka yana da amsoshin jarabawar bana, ɓarawo ne, kada ka ba shi ko sisi.